Malam Sabi'u da Tambayar da Ta Kayar da Auwalu

Ina tashar Ajingi da hantsi, ƙafata ɗaya a cikin motar Gaya, wayata ta yi ƙara. Lambar Malam Sabi'u ce. Na ɗauka ina shirin ba shi haƙuri a kan makarar da na yi, sai na ji muryar da ba tasa ba. Yayansa ne, Malam Tukur. Ya ce, "Bashir, sai haƙuri. Sabi'u lokaci ya yi. Ya dawo daga masallaci ya ce kansa na sara masa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Ka taho, za a yi masa sutura kafin azahar." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwandasta yana ta buga jikin mota yana cewa in shiga ko in sauka, ni kuwa na kasa yin ko ɗaya, sai da wani dattijo ya kama hannuna ya zaunar da ni a kujera.

Mota ba ta bar gari ba wani tunani ya faɗo mini, ya kuma ƙi sakina har muka isa Gaya. Akwai wani manomi a Toranke, Malam Haruna, wanda ya tsaya a tsakiyar ajinmu watannin baya, a gaban ɗalibai, ya nuna Malam Sabi'u da yatsa ya ce, "Ban yafe ba." Yau za a saka Malam a kabari, wannan kalma tana nan ba a janye ta ba. Kowane Musulmi ya san nauyin tafiya da hakkin wani a wuya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san Malam bai cuci mutumin nan ba ko da ƙwayar zarra, amma ban san yadda zan sa shi ya gane ba.

Malam Sabi'u malamin lissafi ne a asali. Da girmansa ya koyi rubuta manhajar kwamfuta, ya kama ɗakuna biyu kusa da kasuwar Gaya, ya tara tsofaffin kwamfutoci, ya ɗora faifan sola a kan rufi, ya fara koyar da matasa. Ni ɗalibinsa ne na farko-farko, daga baya ya ce in zauna in taya shi koyarwa. Da Hausa yake karantarwa, sai kalmomin da dole a buga su yadda suke. Idan an tashi, da tsofaffin zannuwan matarsa Malama Hajara yake lulluɓe kwamfutocin, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kwantar da yara. Ba ya fara darasi sai 'yan Ajingi da 'yan Toranke sun iso, ko da kuwa 'yan cikin gari sun gaji da jira suna ta tsaki. Fita yake yi bakin titi yana leƙen kowace keke da ta tsaya. In batir ya yi ƙasa, fankar da ke kansa yake fara kashewa, ya ci gaba da magana gumi na zuba a rigarsa.

Mutum ne mai taurin kai, kuma ba zan ɓoye wannan don ya rasu ba. Ba ya karɓar "na ji an ce". In ɗalibi ya ce wallahi abu kaza zai yi aiki, sai ya tura masa allon bugawa ya ce, "Kada ka rantse mini. Buga mu gani." In ka kawo masa amsar da ka kwafo ba ka gwada ba, ko daidai ce sai ya mayar maka. Yakan ce, "Kwamfuta ba ta jin kunyar kowa, ba ta san babba ba, ba ta san ɗan gidan wane ba. Abin da ka rubuta shi za ta bi." Mun sha yin faɗa da shi a kan wannan tsanani. Ina ce masa, "Malam, yaran nan takarda suke nema, a sassauta musu mana." Sai ya kalle ni ta saman tabarau ya ci gaba da abin da yake yi.

Akwai darasi ɗaya da yake ji da shi fiye da saura, kuma shi ne tushen wannan magana, don haka dole in faɗe shi. A harshen Java da muke koyarwa, ana fara rubuta tsari ne, wanda ake kira kilas. A ce kilas ɗin Manomi: kowane manomi yana da suna, yana da buhunan gyaɗa. Daga wannan tsari sai a fitar da manoma ɗaiɗai, kowanne ana kiransa abu, ga Audu ga Sale, kowa da sunansa da nasa buhunan. Idan mai rubutu ba ya son a riƙa taɓa buhunan nan daga ko'ina, sai ya kulle su, wato ya sa musu kalmar private a gaba. To a nan Malam yake tsayawa ya tambayi aji: Audu zai iya leƙa buhunan Sale kai tsaye? Kowace shekara aji yakan amsa baki ɗaya cewa a'a, ai an kulle. Sai ya yi murmushi, ya rubuta ɗan umarni a cikin kilas ɗin Manomi, wanda zai sa Audu ya duba nasa buhunan, ya duba na Sale, ya faɗi wanda ya fi. Ya danna. Kwamfuta ta karɓa lafiya lau, ta ba da amsa. Sannan ya buɗe wani kilas dabam, Dillali, ya rubuta wannan layin dai, bai sauya komai ba. Nan take jan layi ya fito, ta ƙi.

Daga nan yake bayani. Yakan ce, "Kwamfuta ba ta tambayar kayan wa ne. Tambayarta ɗaya ce: a ina aka rubuta umarnin da ke son taɓawa? In a cikin kilas ɗin aka rubuta, ya wuce, ko kayan na wannan ne ko na wancan. In a waje ne, ya tsaya." Dalili kuwa, in ji shi, kullewar an yi ta ne don kada mai rubutu daga waje ya jingina da yadda aka tsara cikin kilas, gobe a sauya tsarin aikinsa ya rushe. Wanda yake rubutu a cikin kilas ɗin kuwa shi ya tsara shi, ya riga ya san komai, babu abin da za a ɓoye masa. Da haka ne ake iya kwatanta abu biyu a ga ko daidai suke, ko a kwafi ɗaya daga ɗaya, ba tare da an buɗe wa duniya ƙofa ba. Yana gama faɗa sai ya sa kowa ya buga da hannunsa, har sai ya ga jan layin da idonsa.

Auwalu, ɗan Malam Haruna, yana cikin waɗanda suka buga. Saurayi ne mai shiru, mai kai. Don ya zo wajenmu sai da mahaifinsa ya cire shi daga gandu damina guda, ya bar shi yana zarya tsakanin Toranke da Gaya a kan mashin, alhali shi ne ƙarfin gonar gidan. 'Yan uwa sun yi magana, musamman ƙanin Malam Haruna, Baffa Isa, wanda ya ce ba a taɓa cin tuwo da danne-danne ba. Malam Haruna ya toshe kunne, ya yi noma da huɗa da sauran ƙarfin da tsufa ya bar masa. Abin da ya sa a gaba shi ne wata jarrabawa da wata ƙungiya daga birni ta shirya: duk wanda ya ci za a ɗauke shi horo mai zurfi a Kano, daga nan a haɗa shi da aiki.

A cikin jarrabawar sai ga tambayar nan ta fito, kuma mai maki da yawa: a Java, abu zai iya karanta abin da aka sa wa private a cikin wani abu ɗan kilas ɗinsu? Auwalu ya rubuta e, ya kawo dalili, har da misali. Aka ba shi sifili. Da wannan sifilin ya gaza kai makin da ake nema, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wani abin takaici kuma, akwai 'yan ajinmu da suka manta darasin sarai, suka yi canki suka rubuta a'a, suka wuce. Wanda ya riƙe karatu ya faɗi, waɗanda suka zubar da shi a hanya suka haye. Haba! Ranar da muka gano haka ko abinci ban iya ci ba.

Malam Haruna bai yi aike ba, da kansa ya zo. Muna tsakiyar darasi ya yi sallama a tsaye, ya ƙi kujerar da aka miƙa masa. Ya ce, "Kai ne Malam Sabi'u?" Malam ya ce, "Ni ne, Baba. Bismillah, a zauna." Ya ce, "Ban zo zama ba. An ce mini abin da ka koya wa yarona shi ya rubuta, kuma shi ya kayar da shi. Haka ne ko ba haka ba?" Malam ya ce, "Haka ne. Amma abin da ya rubuta shi ne daidai. Matso in nuna maka." Ya juyo da fuskar kwamfuta wajensa. Dattijon ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Manya a Kano sun ce kuskure ne, kai a nan bayan kasuwa ka ce daidai ne? In ba ka iya ba, me ya sa ka tara 'ya'yan mutane? Na yi damina ni kaɗai, ƙanina yana mini dariya. Ka cuce ni, ka cuci yaron nan. Ban yafe ba." Ya juya ya fita. Na miƙe zan bi shi, wallahi a lokacin idona ya rufe, Malam ya ce, "Bashir, zauna. Sa'an mahaifinka ne." Ya ɗauki alli ya ci gaba da darasi.

Daga ranar bai huta ba. Ya sa laftof ɗinsa a jaka ya dinga bin motar Kano zuwa ofishin ƙungiyar da ta shirya jarrabawar. Sau ɗaya na raka shi, kuma ban ƙara ba, don na ga in na koma zan yi abin kunya. Na farkon da muka samu ya karɓe mu da fara'a, ya ce shi ba shi ya tsara amsa ba, a je wajen wane. Wane ya saurare mu rabi da rabi, ya ce, "Malam, abin da aka kulle ai an kulle, mene ne na dogon Turanci?" Malam ya buɗe laftof a kan teburinsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba sai ka yarda da ni ba. Duba kawai, yanzu za ta nuna." Mutumin yana latsa wayarsa. Malam ya danna, amsa ta fito, ya juyo masa da ita, mutumin bai ɗago ba. Ya ce an riga an rufe sakamako, a tari gaba. Na ce, "Yallaɓai, ɗago kai fa kawai ake roƙonka!" Malam ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya rufe laftof, ya yi godiya, muka fito.

A mota ina ta tafasa, shi kuwa har uzuri yake nema musu. Ya ce akwai wasu harsunan da kullewar take a kan kowane abu shi kaɗai, ko ɗan kilas ɗinsu ba ya leƙa masa. Watakila wanda ya tsara amsar a can ya yi karatu, ya ɗauka ko'ina haka ne. Na ce, "Malam, amma Java aka rubuta a saman takardar, da manyan baƙaƙe." Ya ce, "Shi ya sa zan koma." Na ce masa to daga yau mu riƙa koyar da amsa biyu, ta gaskiya da ta jarrabawa, yaro ya san wadda zai rubuta ya tsira. Can ya ce, "Ni in tsaya gaban yara in ce musu ga gaskiya amma ku rubuta ƙarya? Ba zan iya ba, Bashir." Muka kai Wudil. Sai na ji ya ce a hankali, kamar ba da ni yake ba, "Amma yaron nan damina guda ya rasa."

Ya je Toranke ma. Ya zauna a zauren Malam Haruna daga azahar har la'asar, aka fito aka ce masa maigidan ba ya nan, alhali yana jin tarinsa a ciki. Ya dawo bai gaya wa kowa ba, daga bakin Auwalu na ji. Ya ci gaba da zaryar Kano, ana ce masa gobe, ana ce masa mai sa hannu ya yi tafiya. A haka ajali ya same shi.

An yi masa salla a ƙofar gidansu, jama'a har bakin titi: ɗalibai na da da na yanzu, 'yan kasuwa, malaman Islamiyyar unguwa. Kafin a ɗauke shi Malam Tukur ya miƙe kamar yadda aka saba, ya ce, "Jama'a, ga Sabi'u zai tafi inda ba a dawowa. Duk wanda ya saɓa wa, da sani ko da rashin sani, don Allah ya yafe masa." Muryoyi suka tashi ta ko'ina, "Mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ni ban kalli kowa ba sai mutum ɗaya. Malam Haruna ya zo, yana sahun baya, Auwalu a gefensa. Na zuba wa bakinsa ido. Bai motsa ba. Ya bi mu maƙabarta, ya tsaya har aka rufe, ya shafa addu'a tare da kowa, ya hau bayan mashin ɗin ɗansa suka tafi. Na tsaya a bakin kabarin ina bin su da kallo. Mutum ya zo ya sallaci gawa, ya raka ta, amma kalma biyu ta gagare shi.

Da aka yi sadakar uku na karɓi laftof ɗin Malam daga hannun Malama Hajara, na hau acaɓa zuwa Toranke. Lokacin cirar gyaɗa ne. Na same su a zaure, Malam Haruna da Auwalu, suna tsinke gyaɗa daga harawa. Ya amsa sallamata, ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, ya sa aka kawo ruwa. Na ce, "Baba, a kan maganar da ka faɗa wa marigayi na zo." Fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Malam Bashir, wanda ya mutu ya mutu. Ban zage shi a kabari ba. Amma ba zan faɗi abin da ba ya zuciyata ba." Na fara bayani, kilas, abu, umarni, ina yi ina jin kaina kamar mai magana da bango. Yana tsinkar gyaɗarsa. Ya ce, "Duk wannan Auwalu ya sha faɗa mini. Ni ba boko na yi ba." Takaici ya kama ni har na rasa ta inda zan sake farawa.

Muna haka sai Baffa Isa ya yi sallama, ya gaishe mu a tsaitsaye, ya ɗaga labulen buhu ya shige cikin gida. Jim kaɗan ya fito da kwando a hannu ya wuce abinsa. Na bi shi da kallo. Na ce, "Baba, in yi tambaya? Ni me ya sa aka tsayar da ni a zaure, shi kuwa ya wuce?" Ya dube ni kamar na zautu. Ya ce, "Kai baƙo ne. Shi ɗan gida ne." Na ce, "Amma sashen da ya shiga naka ne, ba nasa ba. Kwandon ma naka ne." Ya ce, "To sai me? Ubanmu ɗaya. Ya san inda komai yake a gidan nan tun ba a haife ka ba. Me zan ɓoye masa?" Na ce, "Wallahi Baba, abin da aka tambayi Auwalu ke nan, kuma amsar da ka ba ni yanzu ita ya rubuta. Su na Kano cewa suka yi ƙaninka ma a zaure zai tsaya."

Hannunsa ya tsaya a kan harawar. Ya ce, "Wannan maganar gida ce. Na'ura ina ta san ɗan gida?" Na tura wa Auwalu laftof na ce ya buga. Ya goge hannunsa a riga ya karɓa. Dattijon ya ce, "Sa sunana. Sa na Isa." Auwalu ya fitar da manoma biyu da sunayensu, ya rubuta umarnin da zai sa Isa ya leƙa buhunan Haruna, ya danna. Ta karɓa. Malam Haruna ya ce, "To sa baƙo. Sa wannan malamin." Auwalu ya buɗe wani kilas, ya sa sunana, ya rubuta layin nan dai. Jan layi ya fito. Malam Haruna bai iya karatun boko ba, amma ya san ja. Ya matso har gemunsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ce a juya, shi ya leƙa na Isa. Ta karɓa. Ya ce a sake sa baƙon. Ta ƙi. Ya ce a cire sunana a sa na wani, ko ni ne ba ta so. Ta ƙi. Ya kalli ɗansa ya ce, "Auwalu, tsakaninka da Allah, ba wani abu ka taɓa ba?" Auwalu ya ce, "Baba, tsakanina da Allah. Haka take, ko a ina aka buga." Ya sunkuyar da kai.

Dattijon ya koma ya jingina da bango. Ya ce, "Su na Kanon sun ga wannan?" Na ce, "Malam ya kai musu har kan tebur. Sun ƙi kallo." Sannan ya ce, "Ni ma ran nan ya ce in matso in gani."

Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ya ce, "Na yafe. Allah ya gani na yafe, duk da babu abin yafewa, don bai yi mini komai ba." Na yi hamdala, har na fara haɗa jaka. Sai ya riƙo hannun rigata. Ya ce, "Tsaya, Malam Bashir. Ni fa? Na tsinka shi a gaban ɗalibansa. Na ce bai iya ba. Ya zo nan, nan inda kake zaune, na sa aka ce ba na nan. Kai kana tare da shi kullum. Ka taɓa jin ya ce ya yafe mini?"

Na zo Toranke da shirin kowace irin gardama, ban zo da shirin wannan ba. Na laluba ƙwaƙwalwata, tun daga ranar da abin ya faru har ranar ƙarshe da muka rabu a ƙofar aji. Na tuna ya hana ni bin sa. Na tuna bai taɓa ambatonsa da mugun abu ba. Amma kalmar da dattijon yake nema, ban ji ta daga bakin Malam ba, ko sau ɗaya. Da na ce masa e, da ya sake ni ya samu barci, kuma babu mai ƙaryata ni a duniya. Sai dai laftof ɗin mutumin da ya ƙi koyar da amsa biyu yana kan cinyata. Na ce, "Baba, bai taɓa zaginka ba. Amma ban ji ya faɗa ba."

Ya saki rigata. Hawaye suka gangaro cikin gemunsa, bai share ba. Ya ce, "To wa zan je in tambaya?"

Har na hau acaɓa ban samo masa amsa ba, kuma har yau ban samo ba. Sakamakon Auwalu yana nan yadda yake, waɗanda aka ɗauka sun yi nisa da horonsu, shi yana gona. Na ji an ce Malam Haruna yakan zo Gaya ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci ya wuce maƙabarta shi kaɗai.

Ya Allah, ga bawanka Sabi'u ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa karatun da ya bayar ya zame masa haske a inda yake kwance. Ka ɗauke masa hakkin kowa, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka ba Malama Hajara haƙuri, ka raya 'ya'yansa, ka zama gatansu, ka ƙarfafi Malam Tukur a kan nauyin da ya hau kansa. Ka buɗa wa Auwalu wata ƙofar da ta fi wadda aka rufe masa. Dattijon nan na Toranke kuwa, ya Ubangiji, kai kaɗai ka san abin da ke zuciyar Sabi'u ranar da ya tashi daga zaurensa. Ka shiga tsakaninsu da rahamarka, ka haɗa su a inda babu sauran ɓacin rai. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.